Daga Dandali Zuwa Sansani: Tarihin Horo da Zaɓen 'Yan Ƙwallon Kwando Mata na Nijeriya da Matsayin Karkarar Kano

Gabatarwa

Ran 4 ga watan Agusta, 2024, a garin Lille na ƙasar Faransa, ƙungiyar ƙwallon kwando ta mata ta Nijeriya, wadda aka fi sani da D'Tigress, ta ka da ta Kanada da maki 79 da 70. Kwana shida kafin wannan ta riga ta ka da Ostareliya da maki 75 da 62. Da waɗannan nasarori biyu ne ta shiga sahun ƙasashe takwas na ƙarshe a wasannin Olamfik, matsayin da babu wata ƙungiyar ƙwallon kwando ta Afirka, ta maza ko ta mata, da ta taɓa taka shi. Labarin ya bazu ta rediyo da wayar hannu har ƙauyukan Ɗambatta da Bichi da Minjibir, inda akwai 'yanmata da yawa waɗanda ba su taɓa ganin zoben kwando da idonsu ba.

Makasudin wannan lacca shi ne bin diddigin yadda aka riƙa horar da 'yan wasan wannan ƙungiya da yadda aka riƙa zaɓensu, tun daga kafuwar wasan a ƙasar nan har zuwa 2025, sa'an nan a auna wannan tarihi da halin da karkarar arewacin Jihar Kano take ciki. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa abu ɗaya ne: zaɓen 'yar wasa ba a sansanin horo yake farawa ba. Sansani tamkar masussuka yake, inda ake sheƙe hatsi a raba tsaba da ƙaiƙayi, amma ba a sheƙe abin da ba a noma ba. Saboda haka duk wanda ke son ya fahimci dalilin da ya sa wasu 'yanmata suke sa rigar ƙasa, wasu kuwa ko labarinsu ba a ji, tilas ya waiwaya ya dubi gonakin da aka yi noman.

Asalin Wasan da Shigowarsa

Wani malami ɗan asalin Kanada mai suna James Naismith shi ya ƙago wannan wasa a watan Disamba, 1891, a garin Springfield na Amurka, domin ɗalibansa su sami abin motsa jiki cikin ɗaki lokacin tsananin sanyi. Kwandunan 'ya'yan itace ya rataya a bango, daga nan ne kuwa wasan ya samo sunansa. Ba a yi shekara guda ba mata suka shiga, domin a 1892 wata malama, Senda Berenson, ta fara koya wa ɗalibanta a kwalejin Smith. An kafa hukumar wasan ta duniya, watau FIBA, a 1932. Maza sun fara karawa a Olamfik a 1936, amma mata sai da suka jira shekara 40, har wasannin Montreal na 1976.

A ƙasashen da Ingila ta mallaka, wasan bai zo wa 'yanmata kai tsaye ba. Abin da malamai Turawa suka fi koyarwa a makarantun mata shi ne netbol, wanda shi ma reshe ne na ƙwallon kwando, sai dai ba a tafiya da ƙwallo a cikinsa, ba a kuma gogayya da jiki. Daɗin daɗawa, a ƙasar Hausa makarantun boko na mata sun makara, don sai wajen 1930 aka buɗe na farko a Kano da Katsina, kuma 'yanmatan da suka shige su ba su da yawa. Ƙasashen da Faransa ta mallaka kuwa, irin su Senegal da Mali, sun karɓi ainihin wasan tun da wuri. Wannan bambanci ya bayyana a fili bayan samun mulkin kai. An kafa hukumar wasan ta Afirka a Alƙahira a 1961, Nijeriya ta shiga FIBA a 1964, aka yi gasar mata ta Afirka ta farko a ƙasar Gini a 1966. Daga 1974 zuwa 2015 Senegal ta ɗauki wannan kofi sau 11.

Zamani na Farko: Zaɓe Daga Cikin Gida

Bayan yaƙin basasa, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta ɗauki wasanni a matsayin wata hanya ta ɗinke ɓarakar da aka samu. An kafa Hukumar Wasanni ta Ƙasa a 1971. A 1973 Legas ta karɓi baƙuncin wasannin ƙasashen Afirka karo na biyu, a cikin shekarar ne kuma aka fara Bikin Wasanni na Ƙasa, inda kowace jiha daga cikin jihohi 12 na wancan lokaci take turo samarinta da 'yanmatanta. Jami'o'i ma suna da tasu gasar tun 1966.

Wannan tsari shi ya zama tsani na farko. Yarinya takan fara a makarantar sakandare, malamin motsa jiki ya lura da tsawonta da saurinta, ta shiga ƙungiyar makaranta, daga nan hukumar wasanni ta jiha ta ɗauke ta zuwa bikin ƙasa, inda masu horar da ƙungiyar ƙasa suke zaune suna kallo. Wadda ta yi fice takan sami aiki a banki ko kwastan ko wata ma'aikata mai ƙungiyar wasa, ta riƙa karɓar albashi tana wasa. Mafi shahara cikin irin waɗannan ƙungiyoyi ita ce ta bankin First Bank da ke Legas, wadda daga baya ta ci kofin ƙungiyoyin Afirka a 2003 da 2009.

A Arewa, Zariya ce ta zama cibiya. Wani Ba'amurke mai suna Oliver Johnson ya shafe shekaru masu yawa yana koyar da wasan a Jami'ar Ahmadu Bello, yara da dama suka tashi a hannunsa. Cikin waɗanda suka koya a Zariya har da Masai Ujiri, wanda ya zama shugaban ƙungiyar Toronto Raptors lokacin da ta ci kofin NBA a 2019. Kano ma ta yi suna da ƙungiyarta ta maza, Kano Pillars. Wannan ya nuna cewa ƙasar Hausa ba baƙuwar wasan ba ce. Abin lura shi ne wasan ya tsaya a birane da harabar jami'a, kuma kason maza ya rinjayi na mata nesa ba kusa ba.

Amfanin wannan tsani shi ne tushensa a gida yake. Aibinsa kuwa shi ne gajarta, domin horon da 'yar wasa take samu bai wuce na 'yan makonni kafin gasa ba, ga ƙarancin filaye da kayan aiki. A duk tsawon wannan zamani Nijeriya ba ta ɗauki kofin Afirka ba, ko da yake ta zo ta uku a Nairobi a 1997.

Zamani na Biyu: 'Ya'yan Ƙetare

Abin da ya sauya tarihin D'Tigress ba a Nijeriya ya faru ba. A 1972 majalisar Amurka ta yi wata doka da ta hana nuna bambanci tsakanin mace da namiji a duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya. Sakamakon haka makarantu da jami'o'i suka tilasta wa kansu buɗe ƙungiyoyin mata, da ɗaukar masu horarwa, da ba 'yanmata tallafin karatu saboda wasa. A daidai wannan lokaci ne ɗimbin 'yan Nijeriya, galibinsu daga Kudu, suka riƙa tafiya Amurka karatu da aiki. 'Ya'yansu mata sun tashi sun tarar da filaye a kowace unguwa, da gasa a kowane aji, da malamai masu bin ci gabansu shekara da shekaru. A 1997 kuma aka fara gasar ƙwararru ta mata, watau WNBA.

Wadda ta fara nuna amfanin wannan ita ce Mfon Udoka, haifaffiyar garin Portland, wadda ta yi wasa a Jami'ar DePaul. Da ita a gaba Nijeriya ta ɗauki kofin Afirka karo na farko a Maputo ta ƙasar Mozambik a 2003. A wasannin Olamfik na Atina a 2004, ƙarƙashin mai horarwa Sam Vincent, ƙungiyar ta ka da Koriya ta Kudu da maki 68 da 64, nasarar farko ke nan da matan Afirka suka taɓa samu a wannan fage. A 2005 ta sake ɗaukar kofin Afirka a Abuja.

Daga nan sai aka yi shekara 12 ba kofi. Mali ta ɗauka a 2007, Senegal a 2009, Angola a 2011 da 2013, Senegal kuma a 2015. Wannan tsaiko darasi ne, domin ya nuna cewa nasarar farko ta dogara ne a kan mutane ƙalilan, da suka manyanta kuwa ba a tanadi magada ba.

A 2017 aka komo da ƙarfi. An tattaro 'yan wasa ta hanyoyi uku. Akwai waɗanda aka haifa a Amurka, irin su Ezinne Kalu da Adaora Elonu, daga baya kuma Promise Amukamara da Amy Okonkwo. Akwai waɗanda aka haifa a gida suka tafi Amurka karatu, irin su Aisha Mohammed, wadda ta halarci Olamfik na Atina ta kuma sake halartar na Tokyo bayan shekara 17, da Evelyn Akhator 'yar Legas, wadda ta yi Jami'ar Kentucky, aka ɗauke ta ta uku a zaɓen WNBA na 2017. Sa'an nan akwai waɗanda suka taso cikin gasar gida ta mata, wadda bankin Zenith ya daɗe yana ɗaukar nauyinta, irin su Murjanatu Musa, wadda ta yi fice a ƙungiyar Air Warriors ta Abuja kafin ta wuce Sifen da Faransa.

Sakamakon ya wuce zato. An ci kofi a Bamako a 2017, a Dakar a 2019, a Yaounde a 2021, a Kigali a 2023, da Abidjan a 2025, sau biyar ke nan a jere, sau bakwai a jimlace. A gasar duniya ta 2018 a Sifen, ƙarƙashin Otis Hughley, ƙungiyar ta ka da Girka da maki ɗaya tak, 57 da 56, ta zama ta farko daga Afirka da ta shiga sahun takwas na ƙarshe.

Ya kamata a fahimta cewa waɗannan mata ba baƙi ba ne, 'ya'yan ƙasa ne da suka zaɓi ƙasar iyayensu, wasunsu ma sun jure wahalar da ba su saba da ita ba. Abin da aka aro ba su ba ne, horon da suka samu ne. Hausawa kuwa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Yadda Ake Tace 'Yan Wasa

Dokar FIBA ta yarda kowace ƙasa ta zo da 'yan wasa 12, biyar a fili a lokaci guda. Ana yin wasan kashi huɗu, minti 10 kowanne, kuma duk ƙungiyar da ƙwallo ya shiga hannunta daƙiƙa 24 take da ita ta jefa. Wannan gaggawa ita ke sa mai horarwa ba ya neman gwanaye 12 masu kama ɗaya. Yana bukatar masu rarraba ƙwallo biyu ko uku, masu natsuwa da hangen fili. Yana bukatar masu jifa daga nesa. Yana bukatar dogaye masu tsayawa ƙarƙashin kwando su tare jifa su cafe ƙwallon da ya dawo. Yana kuma bukatar wadda za ta manne wa gwanar abokan karawa ta hana ta sakat, ko da ita kanta ba ta ci maki ko ɗaya ba. Sau da yawa akan bar gwana a gida a tafi da wadda ba ta kai ta ba, saboda gurbin da ake son cikewa.

Bisa al'ada akan gayyaci 'yan wasan da suka zarce adadin da ake bukata, a tara su wuri ɗaya na 'yan makonni, a gwada lafiyarsu da jimirinsu, a koya musu dabarun kai hari da na tsaro, a yi wasannin gwaji, sa'an nan a riƙa rage su har su koma 12. Da yake galibinsu a ƙetare suke, shi kansa sansanin akan buɗe shi a can, kamar yadda aka yi a Atlanta kafin gasar duniya ta 2018.

Bayan gwaninta akwai takarda. Wadda ta karɓi fasfon ƙasa bayan ta wuce shekarun da aka ƙayyade, FIBA takan lissafa ta cikin waɗanda aka ba izinin zama 'yan ƙasa, irin waɗannan kuwa guda ɗaya kaɗai ake yarda da ita cikin ƙungiya. Wadda ta riga ta yi wa wata ƙasa wasa, sauya sheƙa yana yi mata wuya. Alal misali, a 2021 an hana Nneka Ogwumike, ɗaya daga cikin manyan 'yan wasan duniya, ta yi wa Nijeriya wasa a Tokyo, saboda daɗewar da ta yi cikin ƙungiyar Amurka. Wannan ya nuna iyakar dogaro da ƙetare.

A 2023 aka ɗan sauya salo. An naɗa Rena Wakama, haifaffiyar Amurka wadda iyayenta 'yan Jihar Ribas ne, aka kuma buɗe gwajin kowa da kowa a Chicago da Legas da Abuja. Da sababbin fuskoki da dama ta tafi Kigali, ta ka da Senegal da maki 84 da 74, ta zama mace ta farko da ta ci wannan kofi a matsayin mai horarwa. Buɗe ƙofa abin yabo ne, amma sunayen garuruwan uku sun isa su nuna inda ake sa ran samun 'yan wasa, da inda ba a sa rai.

Rikicin Shugabanci

Duk waɗannan nasarori an same su ne cikin hayaniya. A watan Yuni, 2017, aka yi zaɓen shugabannin hukumar wasan ta ƙasa sau biyu, ɗaya a Kano wanda ya mai da Tijjani Umar, ɗaya a Abuja wanda ya fito da Musa Kida. Aka wayi gari hukuma ɗaya tana da shugabanni biyu, gasannin cikin gida suka shiga tangarɗa. A watan Oktoba, 2021, 'yan wasan suka fito fili suka yi kukan cewa ba a biya su haƙƙoƙinsu ba. A watan Mayu, 2022, bayan an sake yin zaɓe biyu, gwamnatin tarayya ta janye ƙasar daga duk wata gasar ƙwallon kwando ta duniya na tsawon shekara biyu. An soke wannan hukunci bayan 'yan makonni, amma aikin gama ya gama, domin FIBA ta riga ta ba Mali gurbin da D'Tigress ta samu da guminta a gasar duniya ta Sydney.

'Yar wasan da ke Turai ko Amurka, idan aka yi irin wannan rikici, takan koma ƙungiyarta ta ci gaba da horo da albashi. Wadda ke gida kuwa, idan gasa ta tsaya, ita ma ta tsaya. Ta haka rikicin ya ƙara faɗaɗa tazarar da ke tsakanin gonar waje da ta gida.

Karkarar Kano

Ƙasar da ta kewaye birnin Kano, musamman ta arewa wajen Ungogo da Dawakin Tofa da Minjibir da Gezawa har zuwa Bichi da Ɗambatta, tana cikin karkarar da ta fi cunkoson jama'a a Afirka ta Yamma. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Jami'ar Bayero, ya bincika ta tun shekarun 1960, ya nuna yadda ɗaruruwan mutane suke rayuwa a kan kowace murabba'in kilomita, suna noma gona ɗaya kowace damina ba tare da an bar ta ta huta ba. Asirin abin taki ne, na dabbobin gida da wanda ake ɗaukowa daga birni a mangala bisa jakuna. Manomin wannan yanki ya fi kowa sanin cewa ƙasa ba ta ba da abin da ba a zuba mata ba, ya kuma san cewa tun ranar girbi ake ware zangarniyar da za ta zama iri.

'Yanmatan wannan karkara ba baƙin motsa jiki ba ne. Suna daka, suna ɗebo ruwa, suna tafiya mai nisa da farantin talla a ka. Da dare, musamman da farin wata bayan kaka, sukan taru a dandali su yi gaɗa, wasan da ya ƙunshi tafi da tsalle da juyi da faɗawa hannun 'yan'uwa bisa amana. Carafke yana koyar da saurin hannu da ido, 'yar gala-gala tana koyar da daidaita jiki a kan ƙafa ɗaya. Waɗannan duka su ne harsashin da mai koyar da ƙwallon kwando yake nema. To, me ya hana hanya ta miƙe daga dandali zuwa sansani?

Na farko shi ne makaranta. Tarihin da aka bayar a sama ya nuna cewa ko a Legas ko a Amurka, a makaranta ake gano 'yar wasa, tsakanin shekara 11 da 16. Shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya kai azuzuwa ƙauyuka, akwai kuma makarantun sakandare na mata a yankin, kamar Kwalejin 'Yanmata ta Gwamnatin Tarayya da ke Minjibir da makarantun Kwa da Jogana. Duk da haka 'yanmata da yawa sukan bar karatu a daidai waɗannan shekaru, ko don talla ko don aure. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na biyu shi ne abinci. Ƙwallon kwando wasan dogaye ne, tsawo kuwa ana gina shi ne tun daga ciki da goyo. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna cewa fiye da rabin yara 'yan ƙasa da shekara 5 a shiyyar Arewa maso Yamma ba su kai tsawon da ya dace da shekarunsu ba. Yarinyar da ta tsumbure tana 'yar shekara 2, an riga an cire sunanta daga jerin shekara 20 kafin a buɗe sansani.

Na uku shi ne sutura da mutunci. Shekaru da dama dokar FIBA ta hana rufe kai a fili, har ta kai matan ƙasar Katar suka janye daga wasannin Asiya na 2014 a Koriya ta Kudu. Bayan matsin lamba daga 'yan wasa Musulmi, cikinsu har da Ba'amurkiya Bilqis Abdul-Qaadir, hukumar ta sauya dokar a watan Mayu, 2017, sabuwar ta fara aiki a watan Oktoba. Tun daga lokacin mace tana iya yin wasa da kanta a rufe. Wannan shinge ya faɗi, sai dai labarin faɗuwarsa bai isa kunnen iyaye da yawa ba.

Na huɗu shi ne fili, a nan kuwa lissafi yana goyon bayan wannan wasa. Filin ƙwallon kwando mita 28 ne a tsaye, 15 a kwance, watau murabba'in mita 420. Cikakken filin ƙwallon ƙafa, mai mita 105 da 68, zai ɗauki irinsa 17. A yankin da kowane taƙi na ƙasa yake da mai shi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Bugu da ƙari, fili mai wannan girma yana shiga cikin katangar makarantar mata, inda za a yi wasa ba idon maza, ƙarƙashin kulawar malama mace. Abin da ake bukata daɓen siminti ne, da turaku biyu, da zobe mai tsawon mita 3.05 daga ƙasa.

Ba a rasa abin koyi ba. A cikin birnin Kano, ƙungiyar AHIP Queens ta yi wasa a gasar mata ta ƙasa. Mali, ƙasar Sahel ce mai rinjayen Musulmi, ba ta kuma fi Nijeriya arziki ba, amma ta daɗe tana mamaye gasannin 'yanmata na Afirka, har 'yan ƙasa da shekara 19 nata suka zo na huɗu a duniya a 2021, domin tun suna ƙanana take renonsu. Sai dai a cikin wannan shekara ce kuma wani bincike da FIBA ta sa aka yi ya tabbatar da cewa an ci zarafin 'yanmata a ƙungiyoyin matasa na ƙasar. Saboda haka tsoron da uba yake ji idan aka ce ya saki 'yarsa ta tafi sansani ba jahilci ba ne. Duk tsarin da bai tanadi malamai mata da tsaro mai ƙarfi ba, bai cancanci amanar iyaye ba. A Jamhuriyar Nijar ma akwai darasi, inda tun 1975 ake gasar kokawa ta ƙasa domin cin takobi, kowace jiha tana tato 'yan kokawarta daga ƙauyuka zuwa sama. Wannan hujja ce cewa a ƙasar Hausa ana iya gina tsanin da ƙafarsa take a ƙauye.

Kammalawa

Ran 3 ga watan Agusta, 2025, D'Tigress ta ka da Mali da maki 78 da 64 a Abidjan. Da suka komo gida, Shugaba Bola Tinubu ya ba kowace 'yar wasa lambar girma ta ƙasa, ya kuma yi mata alkawarin gida da kuɗin da ya kai dala 100,000. Sun cancanci abin da aka yi musu. Amma wannan tukwicin girbi ne, ba kuɗin taki ba.

An ga yadda zamani na farko ya gina tsani a gida amma gajere, zamani na biyu kuma ya samu tsani mai tsawo amma jingine da bangon wasu. An ga yadda dokar da wata ƙasa ta yi a 1972 ta haifar wa Nijeriya kofuna bayan shekara 30. Wannan shi ne ma'aunin lokacin da irin wannan aiki yake ci. Idan hukumomin ilmi da na wasanni na Jihar Kano suka daɓe fili a makarantun mata na karkara, suka horar da malamai mata a kwalejojin ilmi irin ta Bichi, suka shirya gasa tsakanin ƙananan hukumomi da rani lokacin da aikin gona ya yi sauƙi, ba lalle ne a ga sakamakon a gasa mai zuwa ba. Cikin dubban 'yanmatan da za su taɓa ƙwallo, wataƙila ɗaya ce za ta sa rigar ƙasa. Sauran kuwa ba su yi asara ba, domin za su sami lafiyar jiki, da ƙarin shekaru a aji, da sanin yadda ake aiki tare.

Tambayar da tarihi ya bari ita ce ko ƙungiyar da ake kira ta ƙasa za ta iya ci gaba da zaɓe daga wani sashe kaɗai na 'ya'yan ƙasar. Manoman Minjibir da Ɗambatta sun shafe ƙarnuka suna ciyar da birni daga gonaki ƙanana, don sun san iri da taki da haƙuri. Ranar da aka yi wa 'ya'yansu mata irin hidimar da suke yi wa gonakinsu, mai horarwa zai sami dalilin ƙara gari na huɗu a kan Chicago da Legas da Abuja.